Yayar Abbati

Shinkafi,
28 ga Yuli, 2000

Zuwa ga Yaya Armiya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yalwa da yara. Yaya damina? Mu nan ruwa ya sauka har katangar makarantarmu ta zube, awaki na shiga aji shida suna cin alli. Lafiyarmu ƙalau, sai ƙafar Gwaggo Turai da ke tashi in an yi sanyi.

Alfarma nake nema, kuma ba ka da wurin gudu, tunda kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito. An ce mu malaman firamare da ba mu da takardar da sabuwar jiha ke so, ko mu tafi kwas a dogon hutun nan ko mu koma gida. Sunana ya fito, Ƙaura Namoda za mu zauna har hutu ya ƙare. Ka san tun rasuwar baban Abbati aikin nan ne cinmu da shanmu. Gwaggo da zan bar wa yaran za ta tafi Galadi, 'yarta ta haihu, ita za ta yi mata wankan jego. Don haka na ce ta biyo da su Zurmi ta ajiye maka kafin ta wuce.

Ba na so su wuni a titi. Ka nema musu lesin hutu, irin wanda ake zuwa da safe a dawo da azahar. Na bar maka zaɓi, kai ka san garinku. Sharaɗina ɗaya ne: duk inda za ka sa su, ka sa su tare. Kada a raba su, tafiya da dawowa.

Abbati shekararsa tara yanzu. Ba ya cin miyar kuka, kada Yalwa ta ɗauka raini ne. Lissafi yake gudu, in ya ce cikinsa na ciwo da safe ka duba ko ranar lissafi ce. Yana tsoron kare, yana son ƙwallo fiye da abinci, kuma takalminsa na hagu na matsa masa.

Yayarsa kuwa bana za ta shiga aji shida. Tana da lalura, tana da ƙwayoyinta. Gwaggo ce ta raine ta, ita za ta yi maka bayani.

Ka gaida Yalwa sosai.

Ƙanwarka,
Kulsumu

*

Zurmi,
4 ga Agusta, 2000

Zuwa ga Malama Kulsumu, ɗalibar dole,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya fara ɗaukar ciki, sauro kuma ya ɗauke mu. Baƙinki sun iso lafiya, Yalwa ta yanka musu zakara.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina dariya. Abbati ya samu shafi guda har da takalminsa na hagu, 'yar fari kuma layi biyu, ko suna babu. Wato har a takarda jinin Fulanin nan na uwarki ba zai bar ki ki rubuta sunanta ba? Malama guda, mai koya wa 'ya'yan mutane rubutu. To ni ba ni da kunyar kowa: Nusaiba. Yarinya ce mai hankali, ta fi ki fara'a nesa ba kusa ba.

Na tambayi Gwaggo zancen lalurar. Ta kalli Yalwa, ta kalli ƙofa, sannan ta ce, "Ɗan ciwon kai na, shi ka taso mata wani bi. Ku dai bar ta ta sha ƙwayoyinta sahe da dare. Ɗiya macce ba a tona mata ciwo gidan mutane." Na ce nan ma ai gidansu ne. Ta ce motar Galadi za ta tashi ta bar ta. Ciwon kai dai kowa na yi, ni ma na ofis kullum da shi nake tashi.

Yanzu zancen lesin. Na zaga da babur ɗina har wurin da ban taɓa sanin ana karatu ba. Da wurin Malam Maitama na yi niyya, na bayan kasuwa, don shi ne yake haɗa maza da mata kuma ya iya koyarwa. Amma bana dattawan unguwa sun same shi, sun ce tunda an ƙaddamar da Shari'a ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi maza, ya koma firamare ta kusa da ofishinmu. Akwai wani kuma a wani shago da ke karɓar kowa, amma na leƙa na ga malamin na barci a kan benci, yara na jifan ƙadangare. Ko akuyata ba zan kai can ba.

Na mata zalla shi ne na Hajiya Kubura, tsohuwar hedimistires ce da ta yi ritaya. Gidanta na sabuwar unguwa, hayin 'yar ƙoramar bayan gari. Kulsumu, in kin ga wurin sai kin so ki koma yarinya. Lissafi da Turanci da safe, hadda, sannan ɗinki. Malamai duk mata, ko mai gadi mace ce.

Na gane abin da kike tsoro da kika ce kada a raba su. Yarinya ta fara tasawa, gari baƙo, ga bakin mutane, ga samari. To ki kwantar da hankalinki. 'Yan matan unguwarmu a ayari suke tafiya su dawo a ayari, kowa da hijabinta, ba wanda ke tare su. Ƙoramar kuwa ko ƙauri ba ta kai ba, sai dai a tattare zane. Wannan ayarin ya fi rakiyar yaro ɗan shekara tara mai gudun kare.

Ranar Litinin ake rufe ɗaukar yara. Na ba Hammadu direba wannan, ya ce gobe zai kai miki. In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka kin yarda.

Yayanki na dole,
Armiya'u

*

Ƙaura Namoda,
10 ga Agusta, 2000

Yaya Armiya'u,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Jiya wasiƙarka ta zo hannuna. Hammadu ya bar ta wurin mai gadin makarantar da muke kwas, shi kuma ya manta da ita a aljihu. Litinin ɗin da ka ce ta riga ta wuce.

Ka cire ta daga wurin Hajiya. Yau, ba gobe ba.

Ba samari nake tsoro ba. Na zata Gwaggo za ta faɗa maka, ita kuma na ga ta bar mini. Zan rubuta, ko da yake hannuna bai so. Farfaɗiya gare ta. Tun tana shekara biyar. Ƙwayoyin sun rage, ba su hana ba. Takan yi wata biyu lafiya, sai rana ɗaya tana cikin tafiya ta yanke jiki ta faɗi, ba ta jin zuwansa. Shi ya sa ba ta zuwa rijiya, ba ta zama bakin murhu, ba ta hawa ko kujera mai tsawo. Ruwan da ka ce bai kai ƙauri ba ya ishe ta, in ta faɗi rub da ciki.

A Shinkafi mu uku muka sani, ni da Gwaggo da Abbati. Ka san yadda mutane suke. Suna cewa yawun mai ciwon na yaɗo, in ya faɗi kowa gudu yake. In aka ji, ba mai zama benci ɗaya da ita, ba mai cin abinci kwano ɗaya da ita, kuma gobe ba mai neman ta. Shi ya sa muka rufe. Abbati kaɗai ne ba ya gudu. Na koya masa ya juya ta gefe, ya tallafe kanta, ya share mata baki, ya jira. Tare suke zuwa makaranta, ajinsa na kallon nata. Wannan shi ne "kada a raba su".

Ka yi mini dariyar kunya, ka yi gaskiya. Haka na taso. Innata ba ta taɓa kiran yayana da suna ba har ta koma ga Allah, kuma ba ƙinsa take ba. Ni ma tun da aka yaye ta aka miƙa wa Gwaggo, ban taɓa zama na yi zancenta da wani ba, balle namiji, balle a takarda.

Na je tasha da safen nan in taho da kaina. Ruwan shekaranjiya ya cinye kwalbatin hanyarku, mota ba ta wucewa, sai 'yan kabu-kabu ke lallaɓawa ta gefe. Su kuma an hana su ɗaukar mata. Na roƙi uku, ɗaya har ya ce in yi masa rai, babur ɗin ba nasa ba ne, in aka kama shi ya shiga uku. Ban ƙi dokar ba, Allah ya sani, amma na daɗe tsaye a tashar nan. Ga jarrabawa gobe, wanda bai zauna ba an cire sunansa. Hammadu ya ce zai zaga ta Moriki, ya rantse gobe wannan na hannunka.

In babu inda zai karɓe su tare, su zauna gida su duka. Karatun ya lalace, ban damu ba. Kada ka nuna wa Yalwa wannan takarda.

Kulsumu

*

Zurmi,
17 ga Agusta, 2000

Malama Kulsumu,

Assalamu alaikum. Shiru dai, ko karatu ya yi zafi ne? Muna lafiya. Yalwa ta yi zazzaɓi ta warke. Na san hanya ta yanke, Hammadu ma tun da ya tafi ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Wannan masinjan ofishinmu zai kawo miki, Zakariyya, da babur yake zuwa Ƙaura karɓo takardu.

Da na ji shiru na ɗauka kin yarda, na rubuta su kamar yadda na ce. Kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. Nusaiba ta zama wata daban. Da ta zo ba ta haɗa ido da mutum, yanzu tun daga zaure ake jin dariyarta. Ta yi ƙawaye biyu, Khadija da Rashida, kullum da sassafe suna ƙofar gida suna kiran ta. Hajiya Kubura ta tare ni a hanya ta ce a lissafi ba ta da na biyu, ta ce wace ce uwar yarinyar nan? Na ce wata ce da ba ta san sunanta ba. Tana ɗinka rigar matashin kai mai furanni, ta ce ta Inna ce, amma kada in faɗa miki. Ga shi na faɗa.

Abu ɗaya na lura, kun shagwaɓa ta. Ba ta ɗiban ruwa, ba ta hura wuta. Yalwa ta ce a bar ta, baƙuwa ce.

Matsalar Abbati ce. Yaron nan ya ba ni wuya. Ranar farko ya yi ta kuka wai shi sai dai ya bi yayarsa, na ce wurin mata ne, ko gemu gare ka ba za ka shiga ba. Sai ya koma guduwa. Ana fara darasi sai ya sulale, a same shi zaune bakin ƙorama yana jiran ayarin 'yan mata. Malam Maitama ya kawo ƙara sau biyu. Wata mata ma ta yi magana, wai yaro namiji me yake yi a mashigar 'yan mata. Na zaunar da shi na ce gaya mini dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna ta ce kar in hwaɗa ma kowa." Na ce ni kowa ne? Na tuna abin da kika ce na lissafi, na gane wayo ne. Ki gafarce ni, na ɗan zane shi, bulala uku ba mai zafi ba. Yanzu ni nake kai shi da babur har cikin aji, na kuma ce wa mai gadi kada ya buɗe masa ƙofa sai na zo da azahar.

Ita kanta Nusaiba ta goyi bayana. Ta same ni ina alwala ta ce, "Kawu, don Allah ka bar ni can. Tun da nike, ban taɓa tahiya ni da ƙawaye ba sai da Abbati biye. Lahiyata lau, ina shan magani." Na ce ba mai cire ki, ni ne nan.

Ki yi karatu da kyau, kada ki ba mu kunya. Yaranki na hannu na gari.

Armiya'u

*

Ƙaura Namoda,
17 ga Agusta

Yaya,

Zakariyya na tsaye yana jira, a kan gwiwata nake rubutu. Ashe wasiƙata ba ta zo maka ba. Farfaɗiya gare ta. In ta faɗi a ruwa ba mai ɗaga ta sai Abbati. Ka buɗe masa ƙofa. Kada ta sake ƙetare ƙoramar nan ko sau ɗaya, ko ta yi kuka, ko ta roƙe ka. Yau Alhamis, na san sun riga sun tafi, ka je da kanka ka taho da ita.

Gobe da asuba zan shiga mota zuwa inda hanya ta yanke, sauran in taka da ƙafa. Kwas ɗin su riƙe abinsu.

Kulsumu

*

Zurmi,
26 ga Agusta, 2000

Kulsumu,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Ina fata kun isa Shinkafi lafiya ke da Abbati.

Kwana bakwai kina cikin gidana ban iya tsayawa gabanki ba. Kina ɗakin Yalwa cikin mata, ni ina zaure ina karɓar gaisuwa. Kin tafi ba ki tambayi kowa yadda abin ya faru ba. Haƙƙinki ne ki sani, kuma gara ki ji daga gare ni.

Ranar Alhamis ɗin an tashe su da azahar kamar kullum. Su tara ne a ayarin. Khadija ta ce suna tsakiyar ruwa suna waƙar da Hajiya ta koya musu, Nusaiba na gaba da takalmanta a hannu, sai ta tsaya cak, ta faɗi ta fuska. Da farko sun zata santsi ne, har wata ta yi dariya. Da suka ga jikinta na karkarwa, kumfa na fita, sai babbar cikinsu ta ce farfaɗiya ce, kada kowa ya taɓa, ana ɗauka. Suka watse. Rashida ta koma da gudu kiran Hajiya, Khadija ta tsaya a bakin gaɓa tana kiran sunanta. Yara ne, abin da suka ji a gidajensu suka yi. Kafin Hajiya ta iso da tsufanta, an gama. Na je na tsaya a wurin daga baya. Ruwan bai rufe idon sawuna ba.

A lokacin Abbati na bakin ƙofar firamare, ta ciki. Mai gadi ya ce tun da aka tashi yake roƙon a buɗe masa. Ni kuma na tsaya sa hannu a wasu takardu.

Zakariyya ya iso da la'asar, ana haƙa kabari. Hammadu ya zo bayan magariba, motarsa ce ta lalace a Moriki ya yi mako yana neman kayan gyara, wasiƙarki na cikin aljihun mota. A zaure na karanta wasiƙun naki duka biyu.

Na san kwana ne ya ƙare, liman ya faɗa, kowa ya faɗa. Amma kin ba ni sharaɗi ɗaya tak, na ga kamar na fi ki sanin abin da kike nufi. Yaro ya gaya mini akwai magana, na sa masa bulala. Ban san da wane baki zan nemi gafararki ba, balle tasa. Har kuka tafi, in na shigo sai ya tashi.

Matan unguwa na ta yaba ki. Sun ce ba su taɓa ganin mai dauriya irinki ba, ko hawaye ba ki yi a gaban mutane ba, wai kin riƙe kunyar 'yar fari har ƙarshe. Na ji suna faɗa na rasa inda zan sa kaina.

Hajiya Kubura ta rufe lesin. Ta aiko da rigar matashin, saura gefe ɗaya ba a gama ba, allurar na jiki. Ban sani ba ko kina so.

Armiya'u

*

Shinkafi,
9 ga Satumba, 2000

Yaya Armiya'u,

Wa'alaikumus salam. Mun iso lafiya. Gwaggo ta dawo daga Galadi, ba ta fita ko tsakar gida. Abbati na cin abinci kaɗan. Ya fara magana, amma da safe har yanzu yakan tsaya a ƙofa da jakarsa, sai na ce masa wuce.

Na karanta. Na gode da ba ka rage komai ba.

Ba zan ce ban ji haushinka ba. Na ji, har na kasa kallon inda kake. Amma na zauna na tuna wasiƙata ta farko. Na ba ka labarin miyar kuka da takalmin hagu. Kalma ɗaya ce ta rage, na tura ta wurin Gwaggo, Gwaggo ta turo mini, muka bar wa yaro ɗan shekara tara ya riƙe. Na yafe maka bulalar, shi ma na gaya masa ba laifinsa ba ne, ƙofa aka rufe. Ya ce da ya faɗa maka da ka buɗe. Na ce ni na hana shi.

Matan da ke yabo na, ka bar su. Ba dauriya ba ce. Na zauna a ɗakin nan hawaye na cike da ƙirjina, na rasa yadda ake yi, don ban taɓa yin komai nata a gaban mutane ba. Ko kitso Gwaggo ke yi mata.

Ka aiko da rigar matashin yadda take, kada Yalwa ta ƙarasa.

Sai roƙo ɗaya. Ka rubuta cewa tun daga zaure ake jin dariyarta. A gidan nan ba ta dariya da ƙarfi, in na shigo takan yi shiru, ni ma in kau da kai. Kai ka samu mako biyu da ni ban samu ba. In ka samu lokaci ka zauna ka rubuto mini su, abin da take ci, abin da take cewa in ta dawo, waƙar da suke yi, duk abin da ka tuna, ko shafi nawa ne.

Ni na zaɓa mata sunan. Na raɗa wa babanta tun kafin ranar suna, na ce kada ya gaya wa kowa daga ni ya fito. Shekara goma sha biyu ban kira ta da shi ba ko sau ɗaya.

Ka rubuto mini labarin Nusaiba.

Ƙanwarka,
Kulsumu